Ɓuntun shinkafar da na sayo wurin mai dashe, bayan wata 4

Salamu alaikum jama'a. Da yawa kun tambaye ni ya akai zogale da yakuwata suka tsallake bazarar bana ba su ƙone ba, to ga bayanin.

Gidanmu nan cikin Katsina ne wajen Ƙofar Ƙaura, ɗan filin da ke bayan ɗaki nake shukawa, kuma duk wanda ya san ƙasarmu ya san rairayi ce, ka zuba ruwa da safe kafin azahar kamar ba a taɓa zubawa ba, ga shi ruwan ma sai an saya wurin 'yan ga-ruwa in famfo bai kawo ba. A watan Fabrairu na je sayen dashen gwaiba wurin wani dattijo mai saida itatuwa a bakin titi, ina mai ƙorafin ruwa sai ya ce "Hajiya ba ruwa ne ya yi miki kaɗan ba, ƙasar ce kika bari tsirara." Ya kai ni gindin wani lemo nasa, ya sa hannu ya ture ɓuntun da ke sama, wallahi da rana tsaka ƙasar na da sanyi da danshi har tana manne ma yatsa. Nan take na ce Baba a ɗaura min buhu 3, da buhu ɗaya na takin awaki.

Abin da ya burge ni da shi bai sallame ni haka nan ba, sai da ya koya min. Ya ce a fara cire ciyawa, a barbaɗa taki, a jiƙa ƙasa sosai, sannan a shimfiɗa ɓuntun kaurin yatsu uku zuwa huɗu, wajen santimita 5 zuwa 7 kenan, kuma kar ya taɓa jikin shukar, a bar mata ɗan zagaye don danshi na ruɓar da gindi. Ya kuma ja min kunne kar in cuɗa shi cikin ƙasa, a sama kawai, don busasshen abu irin ɓuntu ko garin katako in ya shiga ciki yana ruɓewa sai ya janye sinadarin naitirojin da shuka ke ci, ganye ya koma ɗorawa.

A Afrilu da zafin nan ke kai digiri 40, da nake ban ruwa safe da yamma, na koma sau ɗaya da yamma, gwaiba ma sai bayan kwana biyu. Ciyawa ta ragu sosai, ɗan abin da ya fito da hannu nake zare shi ba sai na ɗauko fartanya ba. Ga wadda ke fita aiki ta dawo a gajiye wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma fa akwai matsala, gaskiya ɗaya ce. Ɓuntu ba shi da nauyi, iskar farko da ta taso ta kwashe kusan rabi ta watsa tsakar gida har cikin kicin, kwana biyu muna shara. Kaji kuma suna tono saboda 'yan ƙwayoyin shinkafar da suka rage ciki, wasu ma sun tsiro. Da na koma na gaya ma dattijon sai ya ce in riƙa yayyafa mai ruwa in danne da busasshen ganyen bedi (dogon yaro) da karan dawa, ya yi aiki kam, sai dai da ya faɗa min tun farko. Karan kuma yana jawo gara, don haka ban sa shi kusa da bango ba.

Takin ne ya ɓata min rai. Rabin buhun bai gama ruɓewa ba, har ɗumi yake, na zuba wa alayyafo ya ƙone min layi guda. Ya ba ni haƙuri ya canza min ba gardama. In za ku saya ku buɗe buhun ku shaƙa, wanda ya nuna baƙi ne yana ƙamshin ƙasa, ba ya zarni.

Shi ɓuntun har yanzu bai ruɓe ba, yana daɗewa sosai, don haka kar a ɗauka zai maye gurbin taki. Yanzu da damina ta kama na rage kaurinsa a gindin yakuwa don kar ruwa ya kwanta, sauran buhu ɗaya na ɗaga shi sama a store sai kaka, in Allah ya kai mu zan gwada shi kan tumatir da attaruhu.