Windows 11 A Ma'auni: Wa Ya Kamata Ya Koma, Wa Ya Kamata Ya Dakata

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina fitar da gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10, tsarin da ya fito a watan Yulin 2015 ya kuma yi shekaru yana juya yawancin kwamfutocin duniya. Daga ranar ne tambayar ko ya dace a koma Windows 11 ta sauya kama, domin a da magana ce ta sha'awar sabon abu, yanzu kuwa ta zama maganar tsaro. Ina da kwamfutoci biyu da nake aiki da su: ta tebur mai furosesan Intel (wato ƙwaƙwalwar kwamfuta) na zubi na goma, da tsohuwar laftof mai zubi na shida wadda har gobe ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ta farko ta koma Windows 11 watanni da dama da suka wuce, ta biyun kuwa ba ta da hanyar komawa ta halal, kuma daga abin da na gani a kan waɗannan biyun ne na auna wannan tsari.

Kafin a yi maganar kyau ko muni, sai an san ko kwamfutar ma za ta karɓa, domin a nan Windows 11 ya fi sha bamban da duk waɗanda suka gabace shi. A rubuce, sharuɗɗan ba su da nauyi: ram na gigabait 4, ma'ajiya ta gigabait 64, da furosesa mai bit 64. Inda gizo ke saƙar shi ne wurare biyu. Na farko, dole furosesan ya kasance cikin jerin da aka amince da shi, wanda a taƙaice yake nufin Intel na zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017, ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama. Na biyu, dole kwamfutar ta kasance tana da abin da ake kira TPM 2.0, wani ɓangare na musamman da ke adana makullan sirri a inda manhajar ɓarna ba za ta kai musu hannu cikin sauƙi ba.

Wannan batu na TPM ya sa mutane da yawa sun yanke ƙauna ba gaira ba dalili. Lokacin da na fara gwada kwamfutata ta tebur da manhajar PC Health Check, wadda Microsoft ya tanada domin wannan bincike, sai ta nuna min jan alama, ta ce ba a sami TPM ba. Da na tsaya nan, da na ɗauka na'urar ce ta tsufa. Na kashe ta, na kunna, na riƙa danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi, har shafin ya buɗe, na bi ta sashen tsaro, sai ga wani layi mai suna PTT a kashe. Wannan shi ne sunan da Intel ke kiran TPM ɗin da ke cikin furosesa, AMD kuwa na kiran nasa fTPM. Na kunna, na adana, na sake gwadawa, jan ya koma kore, kuma duka aikin bai kai minti biyar ba. Duk wanda kwamfutarsa ba ta wuce shekara shida ko bakwai ba, aka ce masa ba ta cancanta ba, ya kamata ya leƙa wurin nan kafin ya fara tunanin sayen wata.

Shi kansa aikin ɗorawa ba shi da wahala, kuma kyauta ne ga duk mai Windows 10 na asali. Fayiloli da manhajoji suna nan yadda aka bar su idan aka bi ta hanyar sabuntawa maimakon shafe komai. Abin da za a yi la'akari da shi shi ne abin da za a sauko da shi ya haura gigabait biyar, don haka ana buƙatar intanet mai ƙarfi da wutar da ba za ta yanke a tsakiyar aiki ba. Akwai kuma ƙofar komawa baya, amma ta kwana goma ce kacal, kuma ta dogara ne da wata folda mai suna Windows.old da ake ajiye tsohon tsarin a ciki. Mai gaggawar share ta domin ya samu fili ya rufe wa kansa ƙofar da hannunsa.

Da zarar an shiga, abin da ido zai fara gani shi ne gumakan da ke ƙasan allo sun dawo tsakiya, kusurwoyin tagogi sun zama masu lanƙwasa, kuma falefalen nan masu motsi da ke cikin jerin farawa na Windows 10 sun tafi. Wannan duk ado ne, kuma wanda bai so ba zai iya mayar da gumakan gefen hagu cikin saiti. Abin da ya fi amfanar da ni shi ne tsarin jera tagogi. Idan aka ɗora kibiyar linzami a kan maɓallin faɗaɗa taga, ko aka danna maɓallin Windows tare da Z, sai siffofi su bayyana na yadda za a raba allo gida biyu, uku ko huɗu. Ga mai rubutu yana duba wata takarda a gefe, ko mai lissafi yana kwafar alƙaluma daga wani shafi zuwa wani, wannan ƙaramin abu ya kan rage wahalar jan tagogi da hannu sau goma a yini. Haka nan idan aka cire allo na biyu aka sake jona shi, tagogin suna komawa inda suke, abin da masu laftof da ke jona ta da babban allo suka daɗe suna nema. Manhajar duba fayiloli ta samu shafuka irin na burauza tun a 2022, Notepad ma ya samu, har yana riƙe abin da aka rubuta ko da an rufe shi ba a adana ba.

Sai dai in za a faɗi gaskiya, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa ya zama dalilin sauya tsarin kwamfuta gaba ɗaya, kuma an yi asarar wasu abubuwan a madadinsu. Wanda ya fi ci wa tsofaffin hannu tuwo a ƙwarya shi ne jerin da ke fitowa idan an danna linzami ta dama. An taƙaita shi, an mayar da kwafa da yankewa da sauya suna ƙananan gumaka, sannan aka tura zaɓuɓɓukan manhajoji da yawa zuwa jeri na biyu wanda sai an ƙara danna layin ƙarshe yake buɗewa. Hannun da ya shekara goma yana sanin inda kowane abu yake ba tare da ido ya duba ba, sai ya koma yana lalube. Maganinsa shi ne a riƙe maɓallin Shift yayin dannawa, tsohon jerin zai fito kai tsaye, amma ai bai kamata a ce sai da dabara ake isa ga abin da a da dannawa ɗaya ce ba. Sandar ƙasan allo ma ta fito a 2021 ba tare da ikon mayar da ita sama ko gefe ba, kuma wasu abubuwan da aka saba da su, kamar jan fayil a saka shi kan gumakan da ke kanta, sai daga baya aka dawo da su. WordPad, tsohuwar manhajar rubutu, ya tafi tun daga zubin 24H2 na shekarar 2024, kuma gudanar da manhajojin Android, wanda aka yi ta yayatawa lokacin ƙaddamarwa, an dakatar da shi a watan Maris na 2025.

Akwai kuma batun asusu. Wanda ke ɗora tsarin daga tushe za a nemi ya haɗa intanet ya kuma shiga da asusun Microsoft kafin ya kai ga fuskar kwamfutarsa, sannan yana shiga zai tarar da tayin OneDrive da Edge da Copilot a wurare daban-daban. Ana iya kashe yawancinsu, amma aiki ne na zama musamman, kuma a ganina tsarin da mutum zai wuni a cikinsa bai kamata ya riƙa yi masa talla ba.

Game da sauri, kada kowa ya sa ran mu'ujiza. A kwamfutata ban ga bambancin da za a yi magana a kai ba, ko wajen tashi ko wajen buɗe manhajoji. Waɗanda suka fi cin moriya su ne masu furosesan Intel na zubi na goma sha biyu zuwa sama, domin waɗannan suna da ƙwayoyi iri biyu, masu ƙarfi da masu tattalin wuta, kuma Windows 11 ya fi iya raba musu aiki. Gigabait 4 ɗin da aka rubuta kuwa na tashi ne kawai. Da an buɗe burauza da shafuka kaɗan kwamfutar za ta fara jan ƙafa. Ƙasa da gigabait 8 da faifan SSD, mutum zai wahala, kuma sau da yawa sauya tsohon faifai mai juyawa zuwa SSD ya fi kowace sabuntawa kawo saurin da za a gani da ido.

Dalilin da ya rage, wanda kuma shi ne mai nauyi, tsaro ne. Windows 10 bai daina aiki ba ranar da wa'adinsa ya cika, amma duk kafar da aka gano bayan ranar za ta zauna a buɗe ga wanda bai shiga shirin ƙarin wa'adi ba. Tsare-tsaren biyu sun yi tarayya a ɓangarori masu yawa, don haka gyaran da aka fitar wa sabon ya kan nuna wa masu kutse inda za su nema a tsohon. Abin da ya faru a watan Mayun 2017 ya isa misali, lokacin da manhajar garkuwa da bayanai ta WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da ɗari ta wata kafa da aka riga aka fitar da gyaranta tun watan Maris, ta kama kwamfutocin da ba a sabunta ba, har da na asibitoci a Ingila. Wanda ke shiga banki, ko riƙe takardun ofis, ko ajiye bayanan mutane a kwamfutarsa, ba shi da hujjar zama a kan tsarin da ba a ƙara toshe masa kafa.

Tsaron nan yana zuwa da nasa nauyin, kuma abubuwa biyu ne nake son a lura da su. Na farko, akwai wani saiti da ke killace zuciyar tsarin daga direbobin da ba a tabbatar da ingancinsu ba, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa tsarin da na'urori irin su firinta. Da na je kunna shi sai ya ƙi, ya nuna min sunan wani fayil guda a matsayin cikas, da na bi diddigi kuwa sai na tarar direban tsohuwar sikana ce wadda kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina kulawa da ita. Sai da na zaɓa tsakanin sikanar da kariyar, na cire direban, na mayar da sikanar kan tsohuwar laftof. Duk mai firinta, sikana ko wata na'urar aiki da ta kwana biyu, ya binciki direbanta kafin ya sabunta, musamman ganin cewa Windows 11 ba shi da zubin bit 32, saboda haka manhajojin da suka tsufa sosai ba za su tashi ba sam. Na biyu ya fi haɗari: a sababbin zubi, idan aka ɗora tsarin daga tushe aka shiga da asusu, ya kan kulle bayanan faifan da kansa ta hanyar BitLocker. Wannan kariya ce ta gaske idan an sace laftof, amma ranar da aka sauya wani abu a BIOS ko aka canza uwar allo, wato babban allon da sassan kwamfutar ke haɗe a kai, kwamfutar na iya tsayawa a shuɗin shafi tana neman makulli mai lamba 48. Makullin yana cikin asusun Microsoft ɗin da aka shiga da shi, kuma wanda ya bar wani ya buɗe masa asusu, ya manta kalmar sirri, to ya yi sallama da fayilolinsa. A rubuta lambar a takarda tun ranar farko, a ajiye nesa da kwamfutar.

Hukuncina ga mai kwamfutar da ta cika sharuɗɗa shi ne ya koma, bayan ya kwafe fayilolinsa a wani faifai na daban, ya kuma yi haka a ranar da ba shi da aikin gaggawa washegari. Mako ɗaya ko biyu zai yi yana gunaguni, daga nan hannu zai saba.

Mai tsohuwar kwamfuta ne ke cikin tsaka mai wuya. Akwai hanyoyin tsallake binciken TPM da na furosesa, kuma manhajar Rufus ta sauƙaƙa su ƙwarai, sai dai Microsoft ya fito fili ya ce bai lamunce wa irin waɗannan na'urori samun sabuntawa ba, kuma babban zubin da ke fitowa kowace shekara ya kan buƙaci a sake dabarar da hannu. Ga mai son gwaje-gwaje babu laifi, amma ban ba da shawarar haka ga kwamfutar da ake neman abinci da ita ba. Hanyar da ta fi kwanciyar hankali ita ce shirin ƙarin wa'adi mai suna ESU, wanda ke bai wa ɗaiɗaikun mutane gyaran tsaro zuwa 13 ga Oktoba 2026, kuma ana iya shiga ba tare da biyan kuɗi ba idan an yarda a haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft. Cikinsa na saka tsohuwar laftof ɗina. A gefe guda na ɗora Linux Mint, wani tsarin daban wanda ba Windows ba, a kan fulash ina tayar da ita daga can ba tare da na taɓa faifanta ba, kuma zuwa yanzu burauza, sauti da haɗin intanet duk sun yi aiki tun tashin farko. Abin da ya rage in gwada kafin wa'adin ya cika shi ne ko sikanar nan za ta yarda da sabon masaukin, da kuma yadda LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi da ke zuwa da Linux Mint, zai buɗe takardun da abokan aiki ke turo min ba tare da teburorin cikinsu sun goce ba.