Haɗin PCR: na saye ko na hannu?

Ɗalibin da ke aikin PCR (hanyar ninka DNA a ɗakin gwaji) a Samaru yana da zaɓi biyu: ya sayi haɗaɗɗen ruwa na 2X (mai ɗauke da sinadaran a haɗe, da ƙarfi ninki biyu na wanda ake aiki da shi), ko ya auna Taq (sinadarin da ke kwafar DNA), dNTP (tubalan gina DNA), magnesiyam da bafa (ruwan daidaita yanayin haɗin) da kansa.

Na hannu ya fi araha, kuma za ka iya ƙara magnesiyam ko ka rage idan DNA ta ƙi ninkuwa. Sai dai duk awo ƙofar kuskure ce, ga haɗarin gurɓata samfuri, ga narkar da kwalabe huɗu cikin zafin Zariya, wanda ke raunana sinadaran.

Na saye kuwa, furaima (gajerun DNA masu nuna inda za a fara kwafa), samfuri da ruwa kawai za ka ƙara. Da tsada, amma shi nake so ga mai koyo, muddin firiza na riƙe sanyin digiri -20 na Celsius ko an ɗauke wuta.