Ranar da anka hana ni magani da kuɗina a hannu

Salamu alaikum mutanen Jega da Birnin Kebbi, da fatan an wuni lafiya, ya sanyi. Kullum kuna tambayata ya Jamus, in ce alhamdulillahi in wuce, to yau dai bari in ba ku labarin abin da ya same ni a Hambog cikin watan Disamba, don har yanzu abin bai bar raina ba.

Ranar Asabar da dare zazzaɓi ya rufe ni, maƙogwaro kamar an zuba barkono, ko yawu ba na iya haɗiyewa. Gari ya waye Lahadi, kuma Lahadi a ƙasar nan kasuwa a rufe take ruf, manyan shaguna duk a kulle, doka ce. Ko da a buɗe suke ma ba za ka samu ko farasitamol a shagon cefane ba, sai a gidan magani da suke kira Apotheke, mai alamar jan harafin A a ƙofa. Su ma Lahadi rufewa suke, sai dai suna karɓa-karɓa, kowace unguwa akwai guda da ke tsaron aiki. Na duba a waya, na sa riguna uku na fita, ƙarfe huɗu na yamma amma rana ta riga ta faɗi, duhu ya fara kamar magariba.

Da na isa ƙofa a kulle, sai wata 'yar taga da za ka danna ƙararrawa a zo. Wata mata ta leƙo, mutum uku na tsaye bayana cikin sanyi. Na ce mata ta ba ni Ampiclox ko amoksisilin, yadda dai munka saba. Ta ce ina takardar likita? Na ce babu, amma na san ciwona, shi nake sha tun ina yaro. Ta ce ba za ta iya ba. Ni kuma a zatona maganar kuɗi ce, sai na zaro yuro 50 na nuna mata na ce zan biya ko nawa ne. Wallahi kallon da matar nan ta yi mini, da yadda ta ɗaga murya ta sake cewa sai da takardar likita har na bayana sunka ji, wani ma ya ɗan ja baya, ji na yi kamar an kama ni ina sata a kasuwar Jega ranar Juma'a. Ni da ban taɓa sa ko sigari a bakina ba, ga ni ana kallona kamar mai neman ƙwaya. Ta ba ni farasitamol kwali ɗaya, ta ƙara yuro 2.50 kuɗin fitowar Lahadi, ta ce in sha shayi da yawa, in abin ya yi tsanani in kira 116117, lambar likitan da ke aiki in ofisoshin likitoci sun tashi. Na koma gida ina rawar sanyi ina hawaye, ba don ciwon kaɗai ba.

Litinin da sassafe na tafi wajen likita. Nan ma sai da mai karɓar baƙi ta fara da tambayar ko ina da alƙawari, kalmar nan Termin ta ishe ni a ƙasar nan, aski ma sai da ita. Na zauna awa biyu. Likitan ya tambaye ni yaushe rabona da Afirka, na ce shekara biyu, ya duba maƙogwaro da kunne da ƙirji, ya ce mura ce mai ƙarfi, irin wadda maganin kashe ƙwayar cuta ba ya yi mata komai. Na ce to a yi mini allura. Ya ce allurar mi? Ya rubuta mini hutun kwana biyar, ya ce in kwanta in yi ta shan ruwa. Ko sisi ban biya ba, kati kawai na miƙa, kuma albashina bai ragu ba don doka ta ce mai aiki zai ci gaba da biyanka cikakke har mako shida in ba ka da lafiya. Amma kada ku ce kyauta ce fa, kashi 14.6 cikin ɗari na albashi da ɗan ƙari ke tafiya inshorar lafiya kowane wata, rabi daga gare ka rabi daga mai aikin, ko ka yi ciwo ko ba ka yi ba, duk wata in na ga takardar albashi sai gabana ya faɗi.

To abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kwana biyar na warke sarai. Babu allura, babu ƙarin ruwa, babu kafso ko ɗaya. Sai na zauna ina lissafin irin magungunan da na ɗura wa cikina tun tasowata. A gida ka je kemis ka ce "a haɗa mini na ɗari biyar", yaro da ko sakandare bai gama ba ya yanko biyu daga wannan uku daga wancan ya ƙulla maka a leda, ka sha kwana biyu ka ji dama-dama ka watsar. Ga masu tallan magani a faranti cikin rana tsaka a tasha, a kan kwalin an rubuta kada zafi ya wuce digiri 30, mu kuma a Kebbi watan Afrilu rana na wuce 40. Kowane ciwo "taifot da maleriya" ne ba tare da gwaji ba. Wannan shan rabi-rabin shi ke koya wa ƙwayar cuta jure magani, ranar da za ka buƙace shi da gaske sai ya ƙi aiki. Ɗan maƙwabcinmu haka anka yi ta canza masa magani kala-kala ba ya ji, sai da anka sayar da shinkafar shekara guda kafin Allah ya tashi kafaɗunsa. Kuma mun ga inda sakacin nan ya kai mu, sai da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan ya gama da matasa da matan aure.

Na san wani zai ce kai kana Turai kana faɗin abin da kake so. Gaskiya ne mutumin ƙauye da asibiti ya yi wa nisa, hanya ba tsaro, kemis ɗin nan shi ne likitansa, ban ga laifinsa ba. Da ku nake, ku 'yan boko da ma'aikata da ke zaune cikin Birnin Kebbi, asibitin Sir Yahaya na nan kusa da ku, kuna da kuɗin sayen data da ankon biki, amma gwajin jini ya gagare ku, ga KECHEMA ta inshorar lafiya nan a jiha ko tambayar yadda ake rajista ba ku yi. Haba jama'a.

Sai dai fa in gaya muku, kwana biyar ɗin nan da na yi a kwance ko mutum ɗaya bai ƙwanƙwasa mini ƙofa ba. Maƙwabcina da muke bango ɗaya shekara biyu bai san na yi ciwo ba, in mun haɗu a matakala kai kawai yake ɗaga mini. A gida da tuni ɗaki ya cika, wannan ta aiko da kunun tsamiya mai zafi, wancan ya kawo lemu, liman ya leƙo bayan asuba ya ce ya ƙarfin jiki, Allah ya sa kaffara ne. Inna ta kira ni ta bidiyo, da ta ga fuskata sai ta fashe da kuka tana cewa "ɗan nan ba wanda zai dafa maka ko ganyen dogon yaro ka yi sirace?" Na ce Inna ko itacen babu a nan. Ni na rarrafa na dafa wa kaina ruwan zafi.

Na dai roƙe ta, na kuma ja wa ƙanena kunne, duk ranar da ta ji zazzaɓi a fara kai ta gwaji kafin a sayi komai, kuɗin ni zan turo. Kuma don Allah in akwai mai tahowa wagga nahiya kafin azumi ya riƙo mini garin kunu da tsamiya da citta. Kilishi kam kada a sako, nama ba ya shiga, a filin jirgi 'yan kwastan za su karɓe.