Shagon mai zanen barkwanci a Fagge: aikinsa da yadda yake karɓar ƙorafi

Duk mai fitar da mujalla ko takardar ƙungiya a Kano da yake neman wanda zai yi masa zanen barkwanci, akwai wani ɗan shago a layin masu ɗab'i na Fagge da nake ba da shawarar a gwada. Ni nake haɗa 'yar mujallar da ƙungiyarmu ta masu sayar da yadi a Kantin Kwari take raba wa mambobinta, shi kuma yake yi mana zanen shafin baya.

Shagon ƙarami ne, tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya, bango duk takardu. Da fensir yake farawa, ya bi da tawada, sannan ya sa launi a kwamfuta ya turo ta WhatsApp. Hausarsa tsaf take, ƙ da ɗ da ɓ duk yana sa musu lanƙwasarsu, abin da manyan allunan talla ma suke kasawa.

Inda na san darajarsa shi ne bayan ambaliyar da ta shiga Kwari a daminar 2022, ta jiƙa dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi. Kowa a kasuwa ya san gine-ginen da aka ɗora kan hanyoyin ruwa da ledar da muke cusawa a kwata suna da hannu a ciki, amma ba mai son faɗa a bainar jama'a. Sai ya zana ɗan kasuwa zaune kan dila, ruwa har gwiwa, takalminsa ɗaya yana yawo a gefe, yana nuna sama da yatsa yana cewa laifin damina ne. A ƙarƙashin shagon ɗan kasuwan kuwa ga bakin lambatu a toshe da bulo.

Ranar da aka raba mujallar wayata ba ta huta ba. Wasu suka ce mun tona wa kanmu asiri. Wasu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma akwai wani dattijo mai mutunci da ya ce hula da gemun nasa ne sak, har yaran layi sun fara nuna shi, kuma wannan ƙorafi ne mai nauyi. Na ɗauke shi muka je Fagge.

Mai zanen ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya rusuna ya ce, "Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Wallahi ban taɓa ganinka ba sai yau." Ya ɗauko zanen fensir na farko ya nuna masa yadda ya yi ta sauya fuskar kafin ta zauna. Ya yarda a rubuta a fitowa ta gaba cewa ba da kowa ake ba, ya kuma yi alkawarin sauya kamannin mutumin. Da wasu shugabanninmu suka nemi ya yi sabon zane mai ɗora laifin kan ruwan sama kaɗai, sai ya ƙi cikin ladabi. Ya ce mini, "Malam, idan talla kuke so zan yi muku, ina yin talla. Amma ba na sa hannuna a ƙasan abin da ban yarda da shi ba."

Ni dai na goyi bayansa, har yau kuma ina kan haka. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sai dai abin da yake karya mai zane irinsa ba kotu ba ce, tsoron rasa ciniki ne. Mu kuma ba baƙin habaici ba ne. Mun tashi muna kallon 'yan tashe da azumi suna kwaikwayon halayen manya ana dariya ana ɗaukar darasi, ga wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi.

Yana da iyakar da ya gindaya wa kansa, kuma yakan faɗa tun kafin a yi ciniki. Ba ya taɓa addini. Ya tuna zanen ɓatancin da wata jarida ta buga a Denmak a 2005, da rayukan da aka rasa a Maiduguri a Fabrairun 2006 sanadin haka. Ba ya yi wa nakasa dariya, ba ya shiga iyalin mutum. Halin da ya shafi jama'a kuwa, na ɗan kasuwa ne ko na mai mulki, ba ya ɗaga masa ƙafa.

Aibinsa jinkiri. Idan wuta ta ɗauke aiki ya tsaya, ba shi da janareta, kuma in yana zane ba ya ɗaga waya. Kuɗinsa ma ya fi na yaran da suke harhaɗa hotuna daga intanet, ba ya kuma ragi sosai. A kai masa aiki aƙalla mako guda kafin ranar zuwa maɗaba'a, a biya rabi tun farko, a kuma zauna da shugabannin ƙungiya su ga zanen fensir su amince kafin ya sa tawada, domin daga nan fuska da sutura kawai yake yarda ya gyara.