Sharhi kan kwafin haƙorin Sarkosukus da na saya domin koyarwa

Wata uku ke nan ina amfani da wannan kwafin haƙorin Sarkosukus, wata ƙatuwar dabba mai kama da kada da ta ɓace tun zamanin da, a darasin kimiyyar halittu, bayan na yi odarsa daga wani kanti na intanet. An ƙera shi da roba mai tauri, an shafe shi da launin ƙasa-ƙasa irin na ƙashin da ya rikiɗe ya zama dutse, kuma duk da yawan hannayen ɗalibai da ya ratsa, har yau bai tsage ba.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne siffarsa. Haƙorin Sarkosukus kakkaura ne, zagayayye, mai tsini a kai, ba shi da kaifi irin na zarto, kuma maƙerin bai ƙara masa kaifin da ba nasa ba domin burge mai saye. Da ɗalibi ya damƙe shi a tafin hannu, nan take yake gane cewa an halicce shi ne domin cafke abinci da riƙe shi gam, ba domin yanka ba. Idan na ƙara musu da cewa bakin dabbar yana ɗauke da irinsa 132, a cikin ƙoƙon kai mai tsawon kusan mita 1.6, sai ajin ya yi tsit.

Takardar bayanin da ke cikin kwalin ce ta ɓata mini rai. Ta kira dabbar kada kai tsaye, alhali dangin kada ce ta nesa, wadda ta rayu shekaru kusan miliyan 110 da suka wuce. Ta ce tsawon dabbar mita 12 ne, ƙiyasin da ya yaɗu bayan binciken da masanin burbushin halittu Paul Sereno ya yi a 2001, ba ta ambaci nazarin 2019 da ya rage shi zuwa kimanin mita 9 ba. Mafi muni, a wajen asali an rubuta Afirka kawai. Ai Gadufawa ce, a hamadar Tenere ta jihar Agadas a Nijar, inda aka tono ƙoƙon kan da masana biyu, France de Broin da Philippe Taquet, suka dogara da shi wajen raɗa wa dabbar suna a 1966.

Na ajiye takardar a gefe, na rubuta tawa da Hausa, na manna a jikin kwalin. Ga malamin da zai iya yin wannan ɗan gyara, haƙorin ya cancanci kuɗinsa, kodayake kuɗin aikowa ya kusa kai farashin kayan.