Injin girgiza kwalba ko tankin kiwo: wanne ya dace da mai neman enzayim daga yis?

Mai shirin kiwon yis don samar da enzayim (furotin da ke hanzarta sauyin sinadarai) yakan fara tambayar lita nawa na'ura ke ɗauka. Tambayar da ta fi wannan ita ce yadda iskar oksijin da abinci za su riƙa isa ga yis ɗin.

Injin girgiza kwalba ya fi araha, kuma yana ɗaukar kwalabe da yawa a lokaci guda, don haka ya dace da gwajin zafi ko nau'in abinci iri-iri. Ana girgizawa kamar sau 200 zuwa 250 a minti, ruwan kuma kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwalbar. A nemi injin da ke iya sanyayawa, domin sauke zafi daga digiri 30 zuwa kusan 25 a ma'aunin Selshiyas kan rage lalacewar enzayim. Iyakarsa ke nan: idan yis ya yi yawa iska takan yi ƙaranci, tsamin ruwan ya canja ba mai gyara shi.

Tanki mai farfela yana auna pH (wato tsamin ruwan) da oksijin, yana ɗiga abinci kaɗan-kaɗan. A nan kuɗin ke biyan kansa. Yis ɗin Saccharomyces cerevisiae, wato na burodi, idan aka jibga masa sukari, barasa yake yi ko da akwai iska, sai ƙarfinsa ya tafi can. Yis ɗin Pichia pastoris kuwa ana fara ciyar da shi giliserol (wani ruwa mai kauri da zaƙi), sannan a koma metanol (wani nau'in barasa) wanda ke tayar da shi ya fara fitar da enzayim. Metanol ɗin idan ya taru guba ne gare shi, yana cinye oksijin sosai, yana kuma haifar da zafi. Saboda haka tankin da ba shi da famfon ciyarwa mai daidaito, da hanyar sanyayawa, da mashigar oksijin zalla, ban ga amfanin sayensa don Pichia ba, komai kyan allonsa.

Tankin gilashi ya wadatar a ɗakin bincike, muddin zai shiga tukunyar turirin kashe ƙwayoyin cuta da ake da ita, a auna tsayinsa tukuna. Na ƙarfe mara tsatsa sai aiki ya girma.

Kafin biya, a tambayi samuwar na'urorin awo na canji, don suna ƙarewa, da kuma ko tankin yana da na'urar lura da kumfa. Wanda bai tantance yis ɗinsa ba ya fara da kwalabe.