Matatar Gansakuka: Mai Kwararar Ruwa Ko Mai Kumfa?

Dukansu biyun na'urorin tace ruwan tankin kifi ne: gansakuka ake renowa a kan ragar roba da aka kankare ta yi kaushi, ta riƙa zuƙe naitiret da fosfet (sinadaran da ƙazantar kifi ke tarawa) daga ruwan kifi.

Mai kwarara tana buƙatar famfo da bututun PVC mai tsagar milimita 3, ruwa na zubowa ta tsagar a kan ragar, lita 50 a awa kan kowace santimita ta faɗin raga. Ta fi tacewa, amma idan gansakuka ta toshe tsagar, ruwa zai fantsama kan fitilar da ke haska ragar, don haka a kare tsagar daga haske.

Mai kumfa kuwa a cikin tanki take, injin iska mai hura kumfa a kan ragar kawai ya isa. Ita ta fi dacewa da ƙaramin tanki.

Kowacce a haska ta da jar fitilar LED awa 18 a rana, a kankare gansakukar bayan kwana 7 zuwa 14, kar wadda ke ƙasa ta ruɓe.